WASAN MOTA CIKIN TAƁO A RIGACHIKUN: WA KE BIYAN KUƊIN NISHAƊIN?

Damina rahama ce daga Allah (T), babu mai musun wannan. Amma a unguwannin talakawa da ke kewayen birnin Kaduna, rahamar tana zuwa ne tare da jarrabawarta. Duk wanda ya san Rigachikun ya san cewa kwaltar da ke garin ta masu wucewa ce. Babban titin Kaduna zuwa Zariya ya ratsa garin, ga filin baje kolin kasuwar duniya, ga hedkwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa wato NTI, duk a bakin hanya, abin gwanin sha'awa ga matafiyi. To amma da zarar mutum ya sauka daga kwalta ya nausa cikin unguwa, ko ya ɗauki hanyar ƙauyukan Igabi da ke bayan gari, sai jar ƙasa ta karɓe shi. Daga watan Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa, da yawa daga cikin hanyoyin nan kan koma caɓi da kududdufai. Mai ƙafa yana tafe yana tattare wando, mai mashin yana dogara ƙafa a ƙasa, mai keke Napep yana addu'ar kada ya kafe.

A cikin wannan hali ne wasu 'ya'yan gata suka gano cewa wahalar bayin Allah za ta iya zama musu filin wasa.

Wasan mota dai ba baƙon abu ba ne a biranen Arewa. An daɗe ana ganinsa a wajen ɗaukar amarya, da ranakun Sallah, da ranar da ɗalibai suka gama jarrabawa, inda yaro zai figi mota ya ja birkin hannu, ta yi ta juyi tana ƙara tana hayaƙi, jama'a na ihu. Abin ya kai ga cewa a shekarar 2025, gab da ƙaramar Sallah, rundunar 'yan sandan jihar Kano ta sanya tseren motoci da tuƙin ganganci cikin abubuwan da ta haramta. Abin da ya ƙaru a kai shi ne sabon salon da wayar hannu ta shigo da shi: a samo mota mai buɗaɗɗen baya, wadda iyaye suka sani da a-kori-kura, musamman Hilux mai ja da ƙafa huɗu, a nemi inda taɓo ya fi zurfi a afka mata ciki, wani yana gefe yana ɗaukar bidiyo domin TikTok. Wai wannan shi ne wayewa, wai shi ne jarumta. Subhanallah!

YADDA TAYA KE CIN HANYA

Ya kamata 'yan uwa matasa su fahimci abin da ke faruwa a ƙarƙashin tayar nan, domin a nan ne zaluncin yake.

Kamfanin Toyota ya fara ƙera Hilux ne a 1968 domin aiki: ɗaukar kaya, shiga gona, da kai ma'aikata inda ƙaramar mota ba ta iya zuwa. Nauyin ta zamani ya kai kimanin tan biyu. Direban kirki da aiki ya kai shi cikin taɓo yakan sa ƙaramar giya ne, ya tafi sannu a hankali, yana lallaɓa totur don kada taya ta yi ta juyi a wuri ɗaya. Duk tsohon direban da ya yi jigilar hatsi a kasuwannin ƙauye ya san wannan. Shi kuwa mai wasa akasin haka yake nema. Abin da yake so shi ne taya ta yi ta wulwulawa tana watsa laka sama, domin wannan watsin shi ne abin kallon. Tayar da ke juyi a wuri ɗaya kuwa, da nauyin tan biyu a kanta, haƙa take yi kamar an sa mata fartanya.

Hanyar burji ba ta da wani ƙarfi sai siffarta. Ana ɗan tayar da tsakiyarta ne domin ruwa ya gangara gefe ya shiga lambatu. Idan taya ta tsaga mata kwari biyu a tsakiya, ruwa ya daina gangarawa, ya kwanta a ciki, ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashi har ta yi laushi. Motar da ta biyo baya sai ta nutse, ta ƙara faɗaɗa ramin. In wurin gangare ne, sawun tayar ya zama hanyar ruwa ke nan, zaizayar ƙasa ta kama, har ta fara cin gindin katangar mutane. Ruwan da ya kwanta kuma ya zama gidan sauro a ƙofar gidajen da ko kuɗin maganin zazzaɓi da ƙyar suke samu. Idan rani ya zo, sawun ya bushe ya ƙandare, ya ci gaba da kayar da masu mashin har wata daminar. Wasan minti goma, ɓarnar shekara guda.

WA KE BIYA?

Ɗan gata ya gama wasansa, ya kai motar wajen wanki, an wanke ta tas, ya koma unguwarsu mai kwalta da magudanar siminti. To wa aka bari da hanyar?

An bar mai keke Napep, wanda kullum sai ya kai wa mai keken balas kafin ya nemi na cefane, ga shi ya kafe tun safe, fasinjoji sun sauka sun bar shi. An bar mai ga-ruwa da kurarsa. An bar 'yan makaranta masu rigar makaranta guda ɗaya tak, waɗanda in aka fallatsa musu laka yau, gobe babu zuwa aji. An bar manomi da zai fito da masararsa bakin titi, a ninka masa kuɗin ɗauka saboda hanya ta lalace. An bar matar da naƙuda ta kama cikin dare, mijinta yana bi gida-gida yana roƙon mai abin hawa, kowa yana ce masa ba zai iya shiga layin nan ba. An bar masu ɗauke da makara zuwa maƙabarta, suna taka-tsantsan kada su zame da gawa.

Kuma a tuna, da yawa daga cikin layukan nan ba hukuma ke gyara su ba. Mutanen unguwa ne kan yi karo-karo, wannan ya kawo ɗari biyar, wancan ya kawo dubu, a sayo tipar marmara ko ta ɓaraguzai, matasa su fito aikin gayya ran Asabar da cebur da kwanon sarki, a cika buhuna da ƙasa a tare bakin ruwa. Guminsu ne a shimfiɗe a wurin. Wanda ya zo ya tone shi don a yi masa tafi, da me ya bambanta da wanda ya shiga rumbun maƙwabci ya watsar da hatsi?

In aka koma bayan gari kuwa, abin ya fi muni. Filin da ɗan birni yake gani kamar dajin Allah, fadamar wani ce. Can ne shinkafarsa take, can ne rakensa, can ne zai yi lambu da rani. Mota mai nauyi in ta bi ta kan jiƙaƙƙiyar ƙasa tana danne ta ne ta dunƙule, ruwa ya kasa ratsa ta, saiwa ta kasa shiga, ban da kunyoyin da aka rushe da baƙin man da ya zuba. A ƙasar nan, in shanun makiyayi suka shiga gona, har gaban dagaci ake kai shi, a kimanta ɓarna ya biya. Shin saniya ce ta fi Hilux ɓarna, ko kuwa dai uban mai Hilux ne ya fi makiyayi tsada?

LISSAFIN TANKI ƊAYA

Ga wani ɗan lissafi da kowane ɗan firamare zai iya yi. Tankin Hilux yana cin lita 80. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, farashin fetur ya yi ta hauhawa har ya haura Naira 1,000 kowace lita a ƙarshen 2024. Ke nan cika tanki ɗaya a lokacin ya haura Naira 80,000. A wannan shekarar ta 2024 ne gwamnatin tarayya ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000. Ma'ana, abin da ake ɗura wa motar wasa sau ɗaya ya fi abin da magidanci zai yi kwana talatin yana wa bauta.

Ba a nan asarar ta tsaya ba. Kowane bakanike ya san cewa in injin ya shaƙi ruwa ta inda yake shaƙar iska, yana iya lanƙwasa ƙarafan cikinsa ya buga nan take. Laka kan toshe lagireto mota ta yi zafi, takan shiga birki ya daina kamawa yadda ya kamata, sannan da wannan birkin ne yaro zai hau babban titin Zariya cikin tireloli da motocin haya. Wani lokaci ma motar ba ta gidan ba ce, ta ofis ce, an ba uba amana don ya yi wa jama'a aiki, ɗa ya ɗauke ta ya je ya lalata wa jama'ar hanya da man da aka saya da kuɗinsu. In wannan ba almubazzaranci da cin amana ba ne, to a faɗa wa mutane sunansa. Musulmi kuwa ba ya bukatar a tsaya yi masa dogon bayani a kan matsayin mai almubazzaranci, tun yana makarantar allo ya ji su wa aka haɗa shi da su.

DAGA INA AKA KWASO?

Masu wannan ɗabi'a suna ganin sun kamo ƙafar Turawa. To bari a duba wurin Turawan.

Gaskiya ne a Amurka akwai wasan shiga taɓo da manyan motoci, ya kuma yaɗu tun wajajen shekarun 1970. Amma inda aka amince da shi, rami ne ake haƙawa musamman a fili mai shinge, mai filin ya yarda, 'yan kallo na bayan kariya, kowa ya biya kuɗin shiga. Wanda ya je ya tone dajin gwamnati ko gonar wani, tara ce ke jiransa. Saboda ɓarnar masu irin waɗannan motoci ne ma hukumar gandun dajin Amurka ta ƙirƙiro wani shiri a 1985 mai suna Tread Lightly, don koya musu bin ƙasa a hankali. A Ingila kuwa, a ƙarƙashin dokar hanya ta 1988, direban da ya fallatsa wa mai tafiya a ƙasa ruwan kududdufi ya yi laifi, ana kuma iya cin sa tara. Masu kwaikwayo sun ɗauko wasan sun baro dokar. Sun ɗauko haukan sun baro shingen.

In kuwa ana son a ga yadda wasan yake idan aka cire shingen, a tambayi mutanen yankin Sahel. A ƙarshen Disambar 1978 aka fara tseren nan na Faris zuwa Dakar, inda masu hali daga Turai ke keta hamada da ƙauyukan Afirka da motoci da babura, har sukan ratsa ta Agadas a ƙasar Nijar. Su suna neman kofi, mutanen ƙauye suna kwasar ƙura da gawa. A 1988 motar tsere ta kashe wata yarinya 'yar shekara 10 a garin Kita na ƙasar Mali. A 2006 an kashe yara maza biyu, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal. An soke tseren 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, aka mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya daga 2020. Tsarin dai guda ne: mai ƙarfi yana nishaɗi, rarrauna yana biya da ransa. Abin kunya ne a ce abin da baƙo ya yi wa talakan Mali, yau ɗan gida ne yake gwada ƙaraminsa a kan talakan Igabi.

Ita kanta Saudiyya ta sha fama da samari masu wasan mota a kan titi, abin da suke kira tafhiɗ, har rayuka suka yi ta salwanta. A 2016 sai hukuma ta tsananta hukunci: Riyal 20,000 a karon farko tare da tsare motar, Riyal 40,000 a karo na biyu, Riyal 60,000 a karo na uku. Ƙasar da man fetur ke ɓuɓɓuga a cikinta ke nan ta ga abin ya fi ƙarfin wasa.

HUJJOJIN DA BA SU DA ƘAFA

In an yi musu magana sukan ce: motarmu ce, kuɗinmu ne. To an ji, motar tasu ce. Hanyar fa? Hanya haƙƙin kowa ce, malamai kuma sun yi bayani a kan haƙƙoƙinta, na farko-farkonsu shi ne kame cuta daga masu wucewa. Addinin da ya sanya kawar da ƙaya daga hanya cikin ayyukan imani, yaya zai ɗauki wanda ya haƙa rami a tsakiyarta da gangan?

Sukan ce: ai dama hanyar a lalace take, gwamnati za a zarga. Lallai waɗanda aka damƙa wa dukiyar jama'a suka bar unguwanni cikin caɓi shekara da shekaru suna da tambayar da za su amsa, a nan duniya da gobe ƙiyama. Amma laifin wanda ya ƙi kai majinyaci asibiti ba ya wanke wanda ya zo ya taka masa gyambo.

Sukan ce: ai kakanni ma sun yi sukuwa. Sun yi, amma a filin sukuwa. Dandalin Murtala da ke cikin Kaduna asalinsa filin tseren dawaki ne, an keɓe shi don haka. Ba a taɓa jin mahayin kirki ya saki linzami a cikin gonar shinkafar talaka yana neman a yi masa guɗa ba.

Akwai ma masu ɗan karatu a cikinsu da kan ce: ai taɓon ruwan sama an yi rangwame a kansa, ba ya hana salla. Wannan ita ce maganar gaskiya da aka nufi ɓata da ita. Malaman fiƙihu sun yi rangwamen ne ga bawan Allah da taɓo ya taɓa tufafinsa a kan hanya, don kada addini ya yi masa tsanani, kuma sun ce rangwamen yana faɗuwa in najasa ta rinjayi taɓon. Kowa kuwa ya san abin da kwatocin unguwa ke amayarwa cikin layi idan an yi ruwa. Sauƙin na wanda aka fallatsa wa ne. Babu littafin da ya ba mai fallatsawa lasisi. Dattijon da ya wanke farar rigarsa ya nufi masallacin Juma'a, aka yi masa wanka da ruwan kwata, ya koma gida ya rasa huɗuba, yana da haƙƙi a wuyan wani, kuma haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Wanda ya lalata dukiyar wani, biya ya hau kansa. In kuwa aka yi rashin sa'a rai ya salwanta, mafi sauƙin abin da ke kansa shi ne diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere, ban da tsayuwa gaban Allah.

JAMA'A SUN KASU HUƊU

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Yaron da ke cikin motar nan ba taɓo yake so ba. Da taɓo yake so, da ya tafi can cikin daji shi kaɗai inda babu mai ganinsa. Idanun mutane yake so. Don haka yadda jama'a suka karɓi abin shi ke raya shi ko ya kashe shi.

Kashi na farko su ne 'yan kallo masu shewa. Abin takaici, mafi yawansu 'ya'yan unguwar da ake lalatawa ne. Su ne masu fito, su ne masu ɗaga waya, su ne masu kiran “sai oga”. In motar ta kafe, su ne za su tuɓe riga su shiga taɓo har gwiwa suna turawa, taya tana watsa musu laka a fuska, a ƙarshe a cilla musu 'yan canji su yi ta wawaso. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gobe kuma su ne dai za a kira aikin gayya su cike ramin da suka taya aka haƙa. Wane irin wulaƙanta kai ne wannan? Bahaushe ya ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Wanda ya tafa wa azzalumi ya yi tarayya da shi, wanda kuma ya tura bidiyon gaba a waya ya zuba masa mai kyauta.

Kashi na biyu su ne masu shiru. A cikinsu akwai dattawan da ke zaune a kan dakali suna girgiza kai, suna cewa zamani ne. Akwai masu tsoro, domin sun san ɗan wane ne. Akwai masu kwaɗayi, domin uban yaron ne ya sa wa masallaci fanka ko yake raba shinkafa da azumi. To a sani, fanka ba ta sayen bakin liman, buhun shinkafa kuma ba ya halatta zalunci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma uban da aka ɓoye wa halin ɗansa ba gata aka yi masa ba, ranar da za a kira shi ofishin 'yan sanda ko ɗakin ajiye gawa ba zai gode wa masu shirun ba.

Kashi na uku su ne masu zuciya a kusa, masu zagi da tsinuwa da ɗaukar dutse. Fushinsu yana da dalili, amma hanyarsu ɓatacciya ce. Jifa ba ta cike rami. Abin da take jawowa shi ne a manta da ɓarnar hanya a koma maganar gilashin da aka fasa, a zo da mota cikin dare a kwashe 'ya'yan talakawa, mai laifi ya koma mai ƙara. Direban da aka jefa kuma yakan firgita ya taka totur, Allah kaɗai Ya san yaron wa zai bi ta kai. Kaduna gari ne da ya san yadda ɗan tartsatsi ke zama gobara, ba ya bukatar a sake koya masa.

Kashi na huɗu su ne hukumomi. Dokar tana nan. Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, dokarta ta 2007 ta sanya tarar Naira 50,000 a kan tuƙin ganganci, jihar Kaduna kuma tana da tata hukumar kula da dokokin hanya, KASTLEA. Amma talaka yana da tambaya, kuma tambayarsa tana kan hanya: me ya sa idon doka yake da kaifi a kan mai mashin da mai keke, amma in mota ce mai baƙin gilashi sai ya yi yaushi? Kuma mece ce Naira 50,000 a wurin mai motar da kuɗinta ya kai miliyoyi gommai, alhali ba ta kai ko kuɗin tanki ɗaya ba? Hukuncin da zai ji a jikinsa shi ne a tsare motar, a kuma sa shi ya gyara abin da ya ɓata.

ABIN DA YA RAGE GA MATASA

Maganin yana hannun matasa fiye da kowa, domin su ne kasuwar wannan haja.

Na farko, a janye ido. In motar ta shigo tana gurnani, kowa ya ci gaba da abin da yake yi. Babu tafi, babu fito, babu ɗaga waya don nishaɗi, babu turawa gaba. Makaɗin da ya rasa 'yan rawa da kansa yake rataye gangarsa.

Na biyu, a janye yara ƙanana daga wurin tun kafin komai. Su ne suka fi rugawa kallo, su ne kuma direba ba ya hangowa ta gilashin da laka ta rufe.

Na uku, in mota ta kafe garin wasa, kada a tura ta don 'yan canji. In akwai rai cikin haɗari, ceto wajibi ne ko wane ne. In babu, a bar mai ita ya nemo janwe ya biya, mutanen unguwa kuma su tsaya cikin natsuwa, da dattijo a gaba, a kan cewa sai an kawo ƙasa an cike ramin.

Na huɗu, a rubuta lambar mota, a ɗauki hoton ɓarnar a matsayin shaida, a kai wa mai unguwa, daga nan dagaci, daga nan hakimi. A tashi mutum uku ko huɗu masu mutunci su sami uban yaron a gida, su yi masa sallama, su gaya masa gaskiya cikin ladabi. Da yawa daga cikin iyayen nan ba su san inda motarsu take yini ba. In nasiha ta ƙi ci, a rubuta takarda da sa hannun jama'a zuwa ga hukuma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma unguwa guda in ta haɗa baki, da wuya a taka ta.

Na biyar, limamai da malaman Islamiyya su sa wannan cikin huɗuba da karatu, su kira abin da sunansa, ko da ɗan mai gina masallacin ne yake yi.

Shi kuwa saurayin da Allah Ya hore wa irin wannan mota, kuma yake jin ya iya sitiyari, ga fili nan a buɗe. Damina ce lokacin da ƙauyukan da ke bayan Rigachikun da Birnin Yero da Maraban Jos suka fi bukatar mota mai ƙafa huɗu. Ya bar lambarsa wurin mai unguwa don ranar da naƙuda za ta kama wata cikin dare. Ya ɗaura igiya ya jawo mai keken da ya kafe. Ya ɗebo ɓaraguzai ran gayya. Ya ɗauki gawa da masu rakiya zuwa maƙabarta. Taɓon dai shi ne, motar ita ce, gwanintar ma za ta fito fiye da ta wasa, domin fitar da majinyaci daga caɓi ba tare da an girgiza shi ba ya fi watsa laka wuya. Bambancin kawai shi ne wannan ana rubuta masa lada, mutane kuma suna bin sa da addu'a maimakon Allah ya isa.

Ƙuruciya da lafiya da dukiya duk abin tambaya ne ranar da babu uban da zai yi wa ɗansa waya a sake shi. Allah Ya shiryi matasan Musulmi, Ya kare raunana daga sharrin masu ganganci, Ya sa a ga ƙarshen damina lafiya.

Wassalam.